Na Je Ɗauko Yaron Nan a Hayin Ruwa

Tun ranar da na dawo bakina bai huta ba. In na shiga Islamiyya tambaya, in na je barka tambaya, har Ladidi mai ƙosai ta aiko wai in zo in zauna kusa da kaskonta in ba ta labari tana suya. "Hajara, da gaske kin shiga kwalekwale?" "Hajara, wai da takalmi ɗaya kika shiga Dutse?" Na faɗa na maimaita, kuma duk wadda ta ji sai ta ƙara nata gishirin kafin ta kai gaba, har jiya na ji wai kada ne ya biyo mu a ruwa. Babu wani kada. Shi ya sa na ɗauko biro, tunda ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. Mai iyawa ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Aujara iyakata Jahun, ita ma sai asibiti ko gaisuwar mutuwa. Abin da ya fitar da ni yaron nan ne, babban gidanmu, wanda kuke kira Magaji. Ɗan farina ne, kuma sunan mahaifin Malam maigidana aka sa masa, kunya biyu ke nan a kaina. Tun da na haife shi sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Ko Magajin ma ba na faɗa sai ta kama dole. In na ce "wancan" ko "yaron nan," kowa a gida ya san da wa nake. Dada, mahaifiyar Malam, Allah ya ji ƙanta, ita ta yaye shi ta riƙe shi, a wajenta ya sha Fulatanci da sanin shanu tun muna da su.

Ya gama sakandare, ya nemi aiki bai samu ba, ya so ci gaba da karatu hali bai bari ba. Ya yi ta zaman gindin dalbejiya da 'yan'uwansa marasa abin yi, har na fara jin tsoron zaman. Sai wani abokinsa ya ja shi Dutse, wai akwai ƙungiyar matasa masu aikin sa-kai. Su yashe kwata, su raka ma'aikatan lafiya ƙauyuka, su yi dako in an samu kayan taimako. Ba albashi, sai abinci da koriyar riga. Malam bai so ba. Ya ce, "Aikin da ba a biya, ga gona tana neman hannu?" Amma dai ya bar shi.

Da damina ta yi nauyi, ruwa ya yanke wasu ƙauyuka da rugage a ƙasar Buji. Yaron nan ya bugo waya ya ce da ƙanwarsa ta gaya min za su haye da magani da gidan sauro. Daga ranar shiru. A kira, a kashe. A sake kira, a kashe. Muna cikin haka wani mai sayar da hatsi ya dawo daga kasuwar Shuwarin da labari: kwalekwale ya kife a can, da samari masu koren riguna a ciki.

Lokacin Malam yana kwance, babur ya kayar da shi, maɗori ya ɗaure ƙafar da karare. Ƙannen Malam kuma suna kudu da shanun mutane. Ya kira ni ɗakinsa, ya miƙo min wayar gidan, ita kaɗai ce muke da ita.

"Ki shirya," ya ce. "Ki je ki taho min da shi. In kin same shi ki riƙo hannunsa, kada ki saki sai a ƙofar gidan nan. In kuma..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban tsaya jin ƙarshen ba.

Malam Sabo direba, maƙwabcinmu, shi ya sa ni a kujerar bayansa. 'Yar jakata zane biyu ne a ciki, da fura da na kirɓa da asuba. Kusa da ni wata tsohuwa ce da kaji a ƙarƙashin ƙafarta, mai surutu irina, amma ranar ni ba ni da baki.

"Ina zuwa, 'yar nan?"

"Dutse, Iya."

"Biki?"

"Dubiya."

Na ce dubiya ne don bakina ya faɗi mai sauƙi, ko Allah ya karɓa.

Ba mu yi nisa ba muka tarar ruwa ya cinye kwalbati, titi ya rabu biyu. Aka ce kowa ya sauka, mota za ta zaga ta gonar mutane ba kowa a ciki, mu kuma mu bi ta taɓo a ƙafa. Wasu samari suna tsaye da sanduna suna nuna inda za a taka. Ɗaya daga cikinsu koriyar riga ce a jikinsa, ya ba ni baya, dogo. Wallahi na ɗauka shi ne. Ya juyo, baƙi ne mai faɗin fuska, ba shi ba ne. Ina kallonsa ban kalli ƙasa ba, ƙafata ta dama ta lume har ƙwauri. Na zaro ƙafar, takalmin ya zauna. Na laluba, na laluba, babu.

Tsohuwar nan tana riƙe da kajinta sama da kai ta ce, "Bar shi, 'yar nan, kin yi sadaka. Wata sai ta tono shi da rani ta yi murna."

To amsar tambayarku ke nan. Da takalmi ɗaya na shiga Dutse, ɗaya ƙafar kuma taɓo ya bushe mata har ta yi fari.

Dutse ban ga kyanta ba, tsoro ya hana. Duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an ɗora su da hannu, ga gidaje a gindinsu, mutane na shanya ko a jikinsu. Ni dai duk wanda muka wuce sai na duƙar da kai. A tasha Malam Sabo ya damƙa ni hannun wani mai adaidaita, ya ce ya kai ni ofishin masu koren riguna. Na ɗauka zai yi ta tambaya. Ko kaɗan.

"Ai su suka yashe mana kwatar unguwa bana," ya ce, yana kutsawa tsakanin manyan motoci kamar ba shi da iyali. "Da yanzu ɗakina yana cikin ruwa."

Na riƙe ƙarfe da hannu biyu har muka isa.

Ofishin ɗaki biyu ne a wani gida, kwalaye har rufi. Wani saurayi mai ɗan gemu, daga baya na ji Idi ake ce masa, yana zaune a tebur.

"Sannu da zuwa, Mama. Wa kike nema?"

"Wani yaro, daga Aujara."

"Sunansa?"

Da ƙyar na ce, "Magaji."

Ya buɗe littafin sunaye, ya duba ya duba. "Ba mu da Magaji. Sunansa na makaranta, Mama, shi muke sani."

"Dogo ne, fari, ba shi da yawan magana."

"Mama, rabinsu dogaye ne. Mene ne naki?"

"Ɗan gidanmu ne."

"Ɗanki ne?"

Na sunkuyar da kai. Ya saki baki yana kallona, ba da raini ba, abin ne ya ɗaure masa kai.

"Ikon Allah. Mama, ki faɗi sunan mana, in duba miki."

'Yan'uwa, ku da kuka san abin, ku auna. Na baro gida, na ratso taɓo, na zo in ji ko yana raye ko ya mutu, tsakanina da labarin kalma ɗaya ce, kuma harshena ya ƙi. Na gwada, Allah shaida. Sunan ya taso har maƙogwarona, sai na ga fuskar surukina, Allah ya ji ƙansa, na ga Dada, ya koma. Hawaye kawai suka zo.

Sai wata mata ta fito daga ɗakin ciki, ba za ta kai ni shekaru ba, da farin gilashi. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafata mai taɓo.

"Idi, tashi ka kawo ruwa." Ta ja kujera ta zauna gab da ni. "Sunana Rabi, ni ke kula da yaran nan. Ɗan fari ne ko, Yaya?"

Na gyaɗa kai.

"To kada ki ce komai. Zan kira sunayen 'yan wajenku. Wanda ba shi ba, ki ce a'a."

Ta fara. Aliyu, a'a. Sani, a'a. Nura, a'a. Haka haka, har ta kira shi. Na juya na kalli bango.

"Shi ke nan," ta ce. "Mun gane."

Idi ya dawo da kofi a hannu, ya ji sunan, ya kusa ɓarar da ruwan. "Au! Mai Fulatanci take nufi! Mama, ke kika haifi Mai Fulatanci?" Ya durƙusa ya sake gaishe ni sabuwa. Amma yana tashi na ga fuskarsa ta canza. Suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Ni ba na jin Turanci, amma kunnena ba ya barci. Na tsinci sunan a ciki har sau da yawa, na kuma tsinci yadda muryar Idi take rawa.

Na ce, "Malama Rabi, ki gaya min da Hausa."

Ba ta ɓoye min ba. "Yana cikin jirgin da ya kife. An ce an tsamo mutane. Amma can babu sabis, kuma ba mu ji daga bakin wanda ya gani da idonsa ba. Gobe da safe motarmu za ta kai kaya, da ni za a je."

"Da ni ma."

"Yaya, akwai ruwa fa."

"Da ni."

A gidanta na kwana. Ta ba ni silifas, ta ba ni ruwan zafi na wanke ƙafa. Gidan 'yan boko abin kallo ne, ko da yake ranar idona ne kawai ke kallo, zuciyata tana can. Murhunsu ba itace ba hayaƙi, wata shuɗiyar wuta ce ke fita, ga tukunyar gas a gefe. Na ja tabarmata can bakin ƙofa saboda na ji labarin abin da take yi. Mijinta, malamin makaranta, babban mutum da furfura a gemu, na same shi a kicin yana yanka albasa, yana kiran "Rabi, ina gishiri?" gatsal. Ita kuma 'yarta ta fari ta shigo, ta ƙwala mata kira da sunanta, ta rungume ta a gabana har da sumbatar goshi. Ni na ji kunyar a madadinsu. Amma can ƙasan raina na ce, wannan in tata ta ɓata ba za ta tsaya kallon bango ba.

Abinci shinkafa ce da miya, da wani ɗanyen ganye da aka yanka aka kwaɓa da farin abu mai kama da kindirmo amma ba tsami. A Aujara in ka ba baƙo ɗanyen ganye sai a ce ka mai da shi akuya. Na taɓa don kada ta ji ba daɗi, bai wuce ba.

Tana ganin na kasa ci, ta zauna tana ba ni labarinta. Ita ma da aikin sa-kai ta fara, bayan rasuwar mahaifinta, tana bin gida-gida da masu allurar yara, ba ko sisi. Wata babbar ma'aikaciyar jinya ta ga yadda take lallashin iyaye mata, ta riƙe ta, ta tsaya mata ta shiga makarantar kiwon lafiya. Yanzu aikin asibiti take, ƙungiyar kuma ranakun hutunta take ba ta.

"Talaka irinmu, Yaya, wa ya sani a ofis? Ba mu da kawu ba mu da baffa a sama. In ba ka fita an ga hannunka ba, wa zai kira ka?"

Na ce, "Haka ne." A raina kuwa cewa nake, sanin mutane me zai yi wa wanda ruwa ya tafi da shi?

Da safe muka hau a-kori-kura, kwalaye a baya, Idi a kansu, ni da Malama Rabi a gaba. Direban ma tsohon mai koriyar riga ne. Wani Alhaji mai sayar da taki ya gan shi yana tuƙa musu kaya kyauta, ya ɗauke shi aiki, motar ma tasa ce ya ba su aro. A shingen hanya jami'in ya leƙo, ya ga rigunan, ya ɗaga hannu ya ce mu wuce. Wata mai awara ta biyo mu da gudu ta jefo ƙulli ta taga, wai a kai wa yaran. Duk ina gani, amma ba abin da ya kwantar min da hankali.

Muka bar kwalta, muka bi burji, burjin ma ya ƙare. Nan ƙasa ta ƙare. Ruwa ne ja, iya ganinka, kan dawa kawai ke leƙowa, can nesa ga kan rumbuna kamar an kifa ƙore. Ban taɓa sanin akwai ruwa mai yawan haka a Jigawa ba.

Mai fiton dattijo ne, Malam Ɗanjuma. Ya miƙo mana wasu riguna masu ruwan lemo, masu kauri kamar matashi, wai ko mutum ya faɗa ba zai nutse ba.

"Sa, Hajiya, a kan hijabin. Tun ranar nan ba na ɗaukar kowa sai da ita."

Na ce, "Baba, ranar me ya faru?"

Malama Rabi ta yi masa ido, bai gani ba, yana kwance igiya.

"Jirgin ƙanina ne. Kaya sun yi yawa, suka zo kan tsohon rafi inda ruwa ke da ƙarfi, suka hau kututture. Kafin in iso an kwashe su. Na dai ga an ɗauki wani dogo a kan gadon kara an yi rugar Arɗo da shi."

"Da rai?"

"Wallahi Hajiya ban sani ba. Bai dai motsa ba a gabana."

Ban san yadda na shiga jirgin ba. Na dai tsinci kaina a tsugune a tsakiya, jakata a cinya, hannun Malama Rabi cikin nawa. Tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Ruwa na shigowa ta wata tsaga, Idi yana kwarfewa da yankakkiyar jarka. Muka bi ta saman gonakin mutane, ganyen dawa na shafar hannuna. Muka wuce wata bishiya, ga maciji ya naɗe a reshe daidai kanmu, shi ma gudun ruwa ya yi.

Sai Malam Ɗanjuma ya ce, "To, ga wajen. Kada wanda ya motsa. Ko tari kada a yi."

Gorar da yake tura jirgin da ita ta daina taɓa ƙasa. Na ga ya zura ta duka, ta tafi, ba ta sami komai ba. Jirgin ya juya, gaba ta koma gefe, ruwa ya ɗauke mu yana wata ƙara a ƙarƙashinmu kamar ana niƙa. Ƙafata ta ɗaure, jijiya ta murɗe, ina son in miƙe ta ba hali. Duk addu'ar da na haddace a Islamiyya ta gudu, sai Hasbunallahu kaɗai ta rage, ita na yi ta ja. Na rufe ido, sai na riƙa ganin gadon kara. Na buɗe, sai ruwa. A nan ne yaron nan ya faɗa. Wannan ruwan ya sha.

Can na ji gora ta yi ƙas, ta taɓa ƙasa. Dattijon ya ce, "Alhamdu lillahi. Hajiya, sakar wa baiwar Allah hannu, za ki karya ta."

Rugar tana kan wani tudu, mutane da shanu duk a cunkushe. Muna hawa, kunnena ya riga idona. Cikin kukan shanu da hayaniyar mutane na ji wani yana lallashin sa, da irin 'yar waƙar nan da Dada ke yi in za ta tatsa, da ɗan kaɗa harshe a ƙarshe. Mutum biyu ne a duniya suke yin ta haka, ɗaya tana kabari.

Na ɗaga ido. Ga shi can, ya rame, cinyarsa ɗaure da farin ƙyalle, yana ɗingishi, ya riƙe hancin wani bijimi da hannu ɗaya, ƙaho da ɗaya, wani mutum mai dogon takalmin roba yana yi wa bijimin allura.

Malama Rabi ta ƙwala ihu. "Yaya, ga shi can! Ga shi can da ransa!"

Na dafa wani turke na ce, "Na gani. Mu je mu gaida mutanen gida."

Matar Arɗo, Inna Adama, tsohuwa ce siririya mai idon gane mutane. Malama Rabi ta fara bayani, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. Ta shimfiɗa min tabarma a bayan bukka inda ba mai ganina, ta ajiye min ƙwaryar nono, ta ba ni baya tana gyaran wuta. A nan na yi kukana, na ƙoshi, ba wanda ya ce min yi haƙuri.

Da na natsu ta ba ni labari da Hausarta mai ɗan karkata. Reshe ne ya yage masa cinya a cikin ruwa, ya sha ruwa ya suma, wayarsa ta tafi. 'Ya'yanta ne suka faɗa suka jawo shi, ma'aikacin lafiyar da ke tare da su ya ɗinke ciwon. Sauran ma duk an tsamo su.

"Mun san shi tun kafin ranar," ta ce. "Da suka fara zuwa matanmu sun ƙi maganin da ake sa wa ruwan sha. Shi ya tsuguna ya yi musu bayani da harshenmu, ya sha a gabansu. Jikata ta yi zazzaɓi, shi ya goya ta har bakin jirgi. Da aka kawo shi a kan gado, ɗakina na ce a sa shi."

Sai ga shi ya zo. Ya tsuguna nesa, kansa a ƙasa.

"Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya jikin Baba?"

Na kalli Inna Adama na amsa. "Da sauƙi." Na gyara murya. "Inna, a gaya masa babansa ya ce ya haɗa kayansa."

Inna Adama ta juya gare shi da gaske. "Ka ji. An ce ka haɗa kayanka."

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. "Inna, a gaya mata na ji. In ta ce mu tafi, yanzu ma sai mu tafi. Amma akwai sauran rugage a hayin can da ba a kai musu komai ba, kuma a cikinmu ni kaɗai ke jin harshensu."

"A gaya masa ruwa ba ya jin Fulatanci."

Malama Rabi ta kasa daurewa, ta fashe da dariya. "Ku da kuke jin juna, taku uku tsakaninku!"

"Ke 'yar birni, yi mana shiru," in ji Inna Adama. "Haka ake yi."

Muna haka sai ga Arɗo da kansa, da mai dogon takalmin nan. Arɗo ya cire malafarsa, ya tsaya daga gefe ya gaishe ni, gaisuwa mai tsawo, ya yi wa gidanmu addu'a. Ni Hajara, da ko mai unguwarmu bai san muryata ba. Ɗayan kuma likitan dabbobi ne, yana da wajen duba dabbobi da sayar da maganinsu a Dutse, shi ma kyauta ya zo taya su.

"Hajiya," ya ce, "na daɗe ina neman yaron da zan koya wa aikin nan, in riƙa biyansa, in ya kama in tsaya masa ya shiga makaranta ya samu takarda. Ba na ɗaukar wanda ban ga aikinsa da idona ba. Wannan na gan shi, a tsaye da a kwance. Amma ba zan ɗauke shi a bayan iyayensa ba. In kin yarda ya ƙarasa aikin nan da mu, ni da kaina zan je wajen mahaifinsa."

Arɗo ya ce, "In ya koyi allura, duk rugagen nan shi za mu riƙa kira."

Suka zuba min ido suna jirana. Ni kuma maganar Malam na kunnena: ki riƙo hannunsa, kada ki saki. Na san yaron nan, in na ce tashi zai tashi, bai taɓa yi mana musu ba. Na saci kallon ƙyallen cinyarsa, jini ya ɗan ɓullo. Na kalli ruwan da zai sake hayewa, wanda ya fi wanda muka hayo faɗi. Na kuma tuna gindin dalbejiyar nan, da yadda idanunsa suka fara mutuwa a can, da irin abin da wasu abokan zamansa suka fara sha. Duka biyun tsoro ne. Na zauna a tsakaninsu har nonon gabana ya yi ruwa a sama.

Na ce, "Inna, a gaya masa rigar nan mai ruwan lemo, ko alwala zai yi a bakin ruwa ya sa ta."

Bai ɗago ba, amma na ga ya sa bayan hannu ya share ido.

Na buɗe jaka na fito da furar, ta ɗan yi tsami. "Ga wannan, a dama wa yaran."

"Yaran, ko?" in ji Inna Adama.

"Yaran."

Dawowa ba sai na ba ku labari ba. Ruwan nan dai na sake haye shi, kuma bai rage ban tsoro ba don na san shi. Amma tsoron da ya fi shi yana Aujara yana jirana a kan gado.

Na yi sallama na shiga ɗakin Malam da la'asar. Bai dube ni ba, bayana yake kallo, bakin ƙofa, yana jiran wani ya sunkuyo ya shigo. Ba wanda ya shigo.

"Ina yake?"

"Yana raye."

Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Ya daɗe a haka. Da ya sauke, muryarsa ta dawo irin ta kullum.

"Na ce ki riƙo hannunsa."

"Ka ce, Malam."

Na durƙusa na ba shi labari tun daga kwalbati har bayan bukka, ban rage ba, har jinin da na gani a ƙyalle. Ina yi ina jiran faɗa. Bai katse ni ba sai da na zo kan Arɗo.

"Arɗon da kansa ya zo inda kike?"

"Da kansa. Har malafa ya cire."

"Saboda shi?"

"Saboda shi."

Ya kalli ƙafarsa da ke ɗaure, ya kalli rufin ɗaki. Ni dai ina durƙushe, gwiwata ta fara zafi.

"Likitan nan," ya ce, "ya san hanyar Aujara?"

"Ya ce zai zo ranar kasuwa, in sun fito."

"To a share zaure. A kama jan zakaran nan a ɗaure."

Na yunƙura zan tashi ke nan, sai aka yi cida daga gabas, mai tsawo, har kwanon rufi ya amsa. Mu biyun muka juya wajen taga a tare. Hadari ne ya haɗo, baƙi ƙirin, daga can wajen Buji. Malam ya laluba ƙarƙashin matashi ya jawo carbinsa, ni kuma na koma na zauna.